Allurar Botox a gefen ido: yadda ta kaya mini cikin wata huɗu

Mai kwalliya ce ta fara jawo hankalina. Muna shirin kamun 'yar ƙanwata, tana shafa mini hoda, sai ta ce, "Hajiya, ki ɗan daina murmushi tukuna, hodar na maƙalewa a layukan nan." Da na koma gida na tsaya gaban madubi na yi dariya da gangan. Layi uku-uku ne a wutsiyar kowane ido, sun bazu kamar sawun tsuntsu a kan yashi. Shekarata 46, atamfa da leshi nake sayarwa a Kaduna, kuma fiye da shekara ashirin ke nan ina ƙanƙance ido a rana da ƙurar hunturu. Man kaɗanya yana tausasa mini fata sosai, amma bai taɓa layukan ba, haka ma mayukan kanti masu tsada da na gwada. Da ya rage wata biyu auren 'yata ta fari, sai na shirya na tafi Abuja wurin wata likitar fata don a yi mini allurar Botox.

Na daɗe ina jan ƙafa, saboda na ji an ce guba ce. Kuma gaskiya guba ce, likitar ba ta ɓoye mini ba. Wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ce ke samar da ita, ana tace ta a yi amfani da ɗan mitsitsi ƙwarai. Botox sunan da kamfani ɗaya ya sa wa tasa ne, akwai wasu irin su Dysport da Xeomin. Aikinta shi ne ta tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka cewa ta matse. Akwai tsokar da ta zagaye ido kamar zobe, ita ce ke tattare fatar gefen duk lokacin da mutum ya yi dariya ko ya kalli rana. In aka sassauta gefenta, fatar da ke samanta sai ta kwanta. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne jin cewa likitocin ido ne suka fara aiki da ita. Tun 1989 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita wajen maganin harara-garke da ƙiftawar idon da ba ta tsayawa, a 2002 ta amince da ita don layukan tsakanin gira, sai a 2013 don na gefen ido.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi a raina, wato ko wannan bai shiga canza halitta ba. Na yi shawara da maigida, na tambayi malamin da nake natsuwa da shi, na yi istihara. Ba ni da ilmin ba wata fatawa, kowace mace ta tambayi wanda ta yarda da saninsa kafin ta ɗaga ƙafa.

Abin da ya fi burge ni a wurin likitar shi ne binciken da ta yi kafin ta taɓa allura. Ta sa na yi dariya, na runtse ido, sannan na saki fuska gaba ɗaya. Ta nuna mini a madubi cewa layukan nawa iri biyu ne. Akwai masu fitowa sai na motsa fuska, su ne allurar ke yi wa aiki. Akwai kuma wani siririn layi a hagu da ke nan ko ina shiru, wanda ya riga ya zauna a fatar, ta ce wannan zai dushe ne kawai, kada na sa rai zai ɓace. Na nuna mata ramin da ke ƙasan idona, ta girgiza kai. Ta ce Botox ba ta cike rami, wannan aikin wata allura ce daban mai cike gurbi, kuma wurin yana da haɗari domin in maganin ya shiga jijiyar jini zai iya kaiwa ga makanta. Ta ce, "Hajiya, ramin nan bai kai a yi kasada a kansa ba." A nan na yarda da ita, domin kuɗi ne ta bari ya wuce ta. Ta tambaye ni ko ina da juna biyu ko shayarwa, ko ina da ciwon raunin tsoka, ko ana yi mini allurar Gentamicin, ko ina shan asfirin, ko na taɓa shafa man bilicin, wanda ke sa fata ta yi siriri.

Ina roƙon duk wadda za ta yi wannan allura ta nemi a nuna mata kwalbar. Ni na nema, aka ɗauko ta daga firiji a gabana, a rufe, na karanta suna da ranar ƙarewar wa'adinta, aka haɗa ta da ruwan gishirin asibiti ina kallo. Maganin yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma duk wanda ya san halin wutar lantarki a ƙasar nan ya san dalilin da ya sa na tambayi yadda suke yi in an ɗauke wuta. Jabu ma na yawo. Ko a Amurka, a 2024, an kwantar da mutane a asibiti bayan an yi musu allurar jabu ko kuma wanda ba likita ba ya yi musu. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana tallar ta a Instagram a shagon gyaran gashi, a farashin da bai kai na kwalbar kanta ba. Ido ne fa, kuma babu kasuwar da ake sayo wani.

Ita kanta allurar ba ta kai minti goma ba. An ɗora mini ƙanƙara, aka tsira wuri uku a kowane gefe, yunit huɗu-huɗu (da yunit ake auna maganin), jimla 24. Zafin bai wuce cizon cinnaka ba, sai ɗan hawaye. An ce kada na murza wurin, kada na kwanta ko na daɗe a sunkuye har awa huɗu. Dama na zaɓi ƙarfe tara na safe don lokacin ya cika kafin azahar, na yi alwala a hankali ba tare da dirzawa ba. Jini ya ɗan kwanta a gefen hagu, wani baƙin tabo kamar ƙwayar wake, ya yi kwana biyar. Kaina ya yi nauyi a daren farko kawai.

Kwana biyu ban ga komai ba, har na fara tunanin na yi asarar kuɗi. A rana ta huɗu na ji wurin ya yi wani irin sakayau, zuwa sati biyu kuwa layukan dariyar sun kwanta luf. Hoda ta zauna, kwalli ya daina bin tsagi yana bajewa. Ranar biki na sha "Uwar amarya, kin huta!" kuma hotunan sun yi kyau, ba zan ce ba su yi ba. Na ji daɗi sosai.

Sai dai akwai abin da mahaifiyata ta gani wanda sauran mutane ba su gani ba. Washegarin kai amarya muna zaune a ɗakinta ana hira, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke kuwa lafiya? Bakinki na dariya amma idonki bai taya shi." Ban gaya mata na yi allura ba a lokacin. Na koma na duba hotunan da kyau, na ga gaskiyarta. Ni mutum ce mai dariya da ido, duk danginmu haka muke, idon Inna ma har rufewa yake yi in abu ya ba ta dariya. A hoton da na rungume 'yata, ranar da ban taɓa farin ciki irin nata ba, saman fuskata a tsaye yake cak. Wannan ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Na kira likitar, ta ce babu maganin da ke warware ta, sai dai a jira jijiya ta sake kama aikinta, amma in zan sake za ta rage adadin, kuma cikin wurare ukun ba za ta tsira na ƙasan ba.

A sati na goma sha biyu motsin ya fara dawowa, kafin wata huɗu ya cika layukan sun koma yadda suke, ba su ƙaru ba kamar yadda wata ƙawata ta tsorata ni. Kuɗin ana lissafa shi ne a kan yunit, kuma abin da na biya, ban da na mota, ya kai ribar da nake samu a leshi mai kyau guda biyar. Mai son ta dawwama a haka sai ta shirya biyan wannan sau uku ko huɗu a shekara.

Ban koma ba tukuna. Na sayi tabarau na rana da man kariya daga rana kamar yadda likitar ta ce, ina sawa kullum kafin na fita kasuwa. 'Yata na da ciki yanzu, kuma na riga na yanke cewa ba za a yi mini komai kafin suna ba. In daga baya na koma, wurin likitar nan zan koma, na ce ta yi mini rabin abin da ta yi a farko.