Sunan dangi ko takardu: ta ina ake fara neman asalin matar?

Wata 'yar'uwa a zauren nan tana bin tarihin wata mata cikin waɗanda suka fara kafa gonaki a yammacin Amurka. Sunan dangin matar Snyder, an ce asalinsu Jamus. Tambayar 'yar'uwar ita ce, ta fara da binciken sunan ne ko da takardu?

Malama, hanyar suna ta fi sauƙi, amma ba ta kai mutum nesa. Snyder daga Schneider ya fito, wato tela, kamar yadda Müller, mai niƙa, ya koma Miller. Sunayen sana'a ne, babu yankin Jamus da ba a samunsu. Ƙarshen suna kan ba da alama kaɗan: -sen na arewa ne, -le na kudu maso yamma. Sai babbar matsalar: mace tana ɗaukar sunan mijinta, don haka mai yiwuwa dangin mijin kike bi, ba nata ba.

Hanyar takardu ta fi cin rai, amma ita ke kai ki ƙauyensu. Ki fara daga Amurka kina komawa baya. Ƙidayar jama'a ta 1790 zuwa 1840 sunan maigida kawai take rubutawa. Daga 1850 aka fara saka sunan kowa ban da bayi, ta 1880 kuma ta ƙara da inda aka haifi iyaye. Akasarin ta 1890 ta salwanta sanadin gobarar 1921, shi ya sa yarinyar da aka haifa a 1881 kan iya yin aure kafin 1900 ba ta taɓa fitowa da sunan mahaifinta ba. Wannan sunan ki neme shi a rajistar aure ta gunduma, wasiyyar mahaifi, ko littafin baftismar 'ya'yanta. Idan ba ta da miji a lokacin, ki duba takardun fili, don dokar rabon filaye ta 1862 ta ba irinta damar mallakar eka 160 da sunanta.

Kada ki tsallaka Jamus sai kin san garin. Kafin 1871 ba ƙasa ɗaya ba ce, kuma rajistar gwamnati ba ta game ƙasar ba sai 1876. Kafin nan littafin coci ne, kowane gari da nasa. Jerin fasinjojin jiragen ruwa na tashar Hamburg na 1850 zuwa 1934 yana nuna garin da mutum ya baro, na Bremen kuwa akasari an lalata su. Ana samun littattafan cocin a intanet: shafin Archion na Furotesta ne, ana biya. Matricula galibi na Katolika ne, kyauta.

A cikin littafin za ki ga Schneiderin, don ana ƙara wa sunan mace -in, kuma "geb." na nufin sunan gidan ubanta. Ki lura, 'yan gida ɗaya su uku kan iya farawa da Anna ko Maria, suna na biyu ne aka fi kiransu da shi.