Zaren ɗaga fuska ya kusa hana ni zaman bikin ɗiyata

Wata bakwai ke nan da aka sa mini zaren nan na ɗaga fuska, sai yanzu na iya maganarsa raina bai ɓaci ba. Matan Maraɗi masu bin status sun san matar da ta yi mini aikin, mai zuwa duk bayan wata biyu ta sauka kwana uku ta juya, sun kuma san kuɗinta, ba sai na tona wa kaina asiri ba. Ni dai kuɗin adashina na ɗauka cif na miƙa mata, ana saura kwana 12 bikin ɗiyata ta fari, cikin zafin Afrilu.

Shekaruna 47. Kumatuna ne suka fara saki, layin nan da ke saukowa daga gefen hanci zuwa baki ya yi zurfi, kowane hoto sai in ga kamar fushi nake. Ina so uwar amarya ta fito. Matar ta ce mini aikin minti 40 ne, babu yanka babu ɗinki, kuma a nan ba ta yi ƙarya ba. Ta yi mini allurar kashe zafi a gefen fuska wajen bakin gashi, ta huda, ta zura wata doguwar allura mai dakusasshen baki a ƙarƙashin fata, zare uku kowane ɓangare. Ta nuna mini guda kafin ta sa: shuɗi ne siriri, jikinsa da ƙananan ƙayoyi kamar na ƙarangiya, su ne ke kama nama idan an ja sama. PDO ta ce sunansa, irin zaren da ake ɗinki da shi a tiyata wanda ke narkewa da kansa. Zafi ban ji sosai ba, amma ƙarar da na riƙa ji a cikin kunnena lokacin da take ja, ƙurus-ƙurus, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Da ta ba ni madubi, wallahi na ji daɗi. Haɓata ta fito, kuncin ya hau, na koma kamar hoton fasfona na da. Sai da na ɗauki jaka zan fita sannan ta fara jero dokoki a tsaye bakin ƙofa: Hajiya, a kwanta rigingine sati biyu da matashi biyu, ban da murza fuska, ban da wangale baki, ban da tauna mai tauri, kada a je wajen mai haƙori sai bayan wata, in ciwo ya dame ki parasetamol, ban da asfirin da ibuprofen don suna ƙara kwanciyar jini. Na ce mata ƙanwata, ai biki gare ni. Ta ce kafin nan kin warke.

Da ta faɗi waɗannan dokoki kafin in biya, da na ɗaga aikin sai bayan biki. Wace uwar amarya ce za ta yi sati biyu ba dariya, ba guɗa, ba nama?

Kwana ukun farko kumburi ne da ɗaurewar fuska. Hamma ma sai na tallabe haɓa. Alwala a hankali nake shafa ruwa, sujada kuwa sai in ji fuskar ta yi nauyi tana bugawa. Kunu da fura na rayu a kai, sai tuwo mai laushi da miyar kuka. Alhaji ya tambaya, na ce haƙori ne. Allah Ya yafe mini.

A kwana na takwas aka kawo mai dilka ta gyara amarya, ƙawayena suka ce ni ma sai an yi mini. Na ce a bar fuska, a yi hannu da ƙafa. Hira ta yi daɗi, ina kwance ido rufe, yarinyar nan ta kai hannu ta murza kuncina na hagu sau biyu kafin in buge hannunta. Na ji wani abu ya yi ƙas a ciki, kamar maɓalli ya tsinke. Zuwa magariba wurin ya loɓa, wani rami kamar an danna ɗanyen ƙulli da yatsa, kuncin hagu ya sauko, na dama yana sama abinsa. Na kira mai zaren, ba ta ɗaga ba. Na tura hoto ta WhatsApp, sai ƙarfe 11 na dare ta amsa da murya: tana kan hanya, in yi haƙuri, zai daidaita da kansa, in sa ƙanƙara.

Na sa ƙanƙara. Washegari na ɗaura kallabi don karɓar baƙi, ɗaurin ya zauna daidai kan hujin, ga zufa tana tsiyaya, don zafin Maraɗi a watan nan ya wuce digiri 40. Kwana biyu a haka wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, na tashi da zazzaɓi. Ranar kamu da asuba na duba madubi sai ga kan zare shuɗi ya leƙo kusa da kunnena, da mugunya kewaye da shi. Na ɗauko matsefata zan ja. Ƙanwata ce ta riƙe hannuna ta ce Yaya, don girman Allah ki bari, ta sa mini hijabi da takunkumi ta tare mana adaidaita.

Likitan da muka samu dattijo ne, bai yi mini faɗa ba, wanda hakan ya fi faɗan ciwo. Ya kalli fatar ya ce, Hajiya, wane mai kike shafawa? Na yi shiru. Ya ce ba don ya kunyata ni ba ne. Na faɗa masa gaskiya, shekara shida ina shafa haɗin nan na ƙara haske. Ya ce yawancin irin haɗin akwai kortizon a ciki, yana sirantar da fata, yana hana rauni warkewa da wuri, yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, fata irin wannan ba ta ɓoye zare. Ya yanke abin da ya leƙo, ya jawo iya wanda ya biyo, ya ce sauran ƙayoyinsa sun kama nama, in ya matsa zai yi ɓarna, a bar shi ya narke. Ya wanke wurin, ya rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 7. Yana rubutu yake cewa in gode wa Allah, don a wajen nan jijiyar da ke motsa fuska take bi, ga kuma jakar miyau a gaban kunne, allura in ta kauce tana iya taɓa su.

Matar nan ba ta taɓa tambayata mai ba. Ba ta tambaye ni ciwon suga ba, ba ta tambaya ko jikina na yin tabo mai tudu ba, ba ta tambayi magungunan da nake sha ba. Ni ma, in za a bi gaskiya, ban tambaye ta takardarta ba. Na ga farar riga da safar hannu na sakankance.

Haka na yi bikin, fuska a karkace, filasta a ƙarƙashin kallabi, duk hoto ina juya ɓangaren dama. Wata gwaggon ango ta ce mini sannu da haƙori, ashe maganar Alhaji ta zaga gari. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

To amma kada in zalunci zaren. Ramin nan ya cike da kansa wajen sati biyar. Ɓangaren dama da ba a taɓa ba ya yi kyau ƙwarai, wata uku zuwa huɗu ina jin daɗinsa, har abokan kasuwa na cewa na huta. Da duka biyun haka suka zauna, da watakila yabo kuke karantawa yanzu. Kuma murzar nan laifina ce, ita ta ce kada a murza. Akwai lokacin da na ce a raina in na bar man nan fatata ta dawo, zan sake, wajen likitan fata na gaske wanda in abu ya faru zan same shi a mazauninsa.

Sai dai da na zauna lissafi raina ya sake ɓaci. Zaren PDO wajen wata shida yake narkewa, abin da ke saura ɗan naman da jiki ya gina kewaye da shi ne. Ita shekara biyu ta ce mini. Yau wata bakwai, dama ya sauko ya tarar da hagu, fuskata ta koma yadda take, ba wanda zai ce an taɓa yi mata wani abu in ba tabo baƙi kamar ƙwayar wake kusa da kunnen hagu ba. Baƙar fata haka take, inda ya yi kumburi da mugunya sai ya bar duhu, ana cewa yana dushewa a hankali, nawa dai har yanzu yana nan. In sanyin safiya ya bugo ni kuma ina jin wani ɗan ƙulli a ƙarƙashin fatar. Adashin wata goma, ga kuɗin likita da farmasi a kai.

Mai zaren ta dawo gari sau uku tun daga nan. Ko sau ɗaya ba ta ce in zo ta duba wurin ba. Satin da ya wuce ta turo mini saƙo wai akwai ragi ga tsofaffin kwastomomi, an kawo sabon zare mai daɗewa. Na tura mata hoton tabon. Ta gani, shuɗin maki biyu ya fito, har yau ba amsa.