Wasiƙa daga Shafa, garin da ake noman fure

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Inna da su Baffa da yara duk suna lafiya. Ka ce in ba ka labarin garin da neman abinci ya kawo ni, ba na Makka da Madina da kowane alhaji ke bayarwa ba. To ga shi.

Sunan garin Shafa, a kan duwatsun da ke kudu da Ɗa'ifa, tafiyar kamar rabin awa a mota. Tsayin wurin ya haura mita 2,000. Shi ya sa yanzu a watan Afrilu, da na san bazara na gasa ku har ana shimfiɗa a tsakar gida, ni da bargo nake kwana. Su rabi'i suke ce wa wannan lokaci. Da sassafe hazo kan sauko, mai laima, ba irin namu na ƙura ba, har ka kasa hango motar da ke gabanka.

Wutar lantarki dai tun zuwana sau ɗaya na ga an ɗauke, ranar da aka yi ruwa da ƙanƙara, kuma kafin la'asar ta dawo. Litar fetur riyal 2.18 ce, ka shiga kowane gidan mai haka za ka tarar, babu layi. Riyal ɗaya na sayen burodin da za ka karya kumallo. Ƙaramin kantin unguwa, bakala suke ce masa, ko ashana ka saya da kati za ka biya. Sai dai akwai harajin kashi 15 cikin 100 da aka ɗora wa kaya tun 2020, kuma ana jin sa a aljihu. Ruwa kuwa mun fi su. Gidan da nake, tankar da ake kira wayit ce ke kawo mana, da kuɗi. Ruwan da Ɗa'ifa ke sha ma yawancinsa na teku ne, ana tace shi a Shu'aiba a turo shi har kan dutse. Idan na tuna rijiyar bayan gidanmu sai in yi hamdala.

Kaza tana da araha, amma daskararriya ce daga Brazil, romonta salam. Kuka da daddawa sai na sauka Makka wajen 'yan'uwanmu na Shara Mansur, inda tsirenmu ya zama abincin gari, Larabawa na kiransa siriya. Nan babu adaidaita, babu ɗan acaɓa. Marar mota zaman ɗaki ya kama shi. Mai gyara ma tsada gare shi. Fankata ta lalace, kuɗin gyara ya kusa na sabuwa, dole na jefar, abin ya yi mini ciwo, don na san a gida awa ɗaya ta ishi yaro ya tayar da ita.

Amma abin da na fi so ka ji shi ne furen wardi. Yaya, mutanen nan fure suke nomawa, kuma da shi suke riƙe gida. Shekara guda ana ban ruwa, ana sassabe rassan a lokacin sanyi, saboda girbin da bai wuce sati shida zuwa bakwai ba, daga Maris zuwa ƙarshen Afrilu. Muna idar da sallar asuba muke shiga gona, domin da rana ta taɓa furen ƙanshinsa ya fara tashi. Ruwan hoda ne, bai kai tafin hannun yaro ba, raɓa a jikinsa, ƙaya a ƙarƙashinsa. Da babban yatsa da manuni ake tsinke shi. Kafin hantsi an cika kwanduna, yatsun mutum duk sun yi jirwaye.

Maigidana ba ya sayar da furen ɗanye. A bakin gonar yake da rumfa mai jerin manyan tukwanen jan ƙarfe. A zuba fure da ruwa, a rufe, a like bakin, a sa wuta. Tururin ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi, ya riƙa ɗiga cikin wata kwalba mai dogon wuya. Man ne ke tasowa sama, siriri kamar zare, dattijon ya zuƙe shi da sirinji, hannunsa ko rawa ba ya yi. Fure sama da 10,000 ke ba da tola ɗaya, wato abin da bai cika giram 12 ba. Ruwan farko mai ƙarfi arus suke kiransa, amarya ke nan. Da irin wannan turaren ake haɗa Zamzam a wanke Ka'aba. Ranar da na ji haka, wallahi sai da na daɗe ina kallon hannuwana.

Alhamis da Juma'a motoci daga Jidda da Makka ba sa yankewa. Iyalai su shimfiɗa darduma ƙarƙashin itatuwan ar'ar, yara na jefa wa birai ayaba a bakin titi, wasu su wuce Hada su hau motar da ke tafiya a kan waya. Kowa kuma sai ya biyo ta gona ya sayi ruwan wardi, da zuma, da sabulu, har shayi da fure a ciki. Kuɗin a hannun manomi yake faɗawa kai tsaye.

Kullum ina tsaye gaban tukwanen nan zoɓon gonarka nake tunawa. Ka sha rana, mata su ɓare, ka kai buhu Maigatari, dillali ya yanka maka farashi, a loda shi har Meziko, can a mayar da shi abin sha a kwalba. Nan ma a bakala ina ganin sa a ƙaramar leda da sunan karkade, kuɗin leda ɗaya ya ba ni haushi. Ba na son bana mu sayar da shi duka a buhu. Na fara tara wani abu don mu sayi injin like leda, mu gwada ko da buhu biyu ne.

Ka rubuto mini yadda buhu yake yanzu a kasuwa. Akwai wani ɗan garinmu da ya zo umara, zai taho wa Inna da kwalba biyu na ruwan wardi. Ta riƙa ɗiga kaɗan a shayi, ta ajiye sauran inda rana ba ta kaiwa. Idan an samu mai tahowa, a ƙullo mini daddawa da yajin Inna.