Albam ɗinsu ya cuce su, janareto ne ya fitar da su kunya

Wajen wata biyu kenan wasu yara mawaƙa sun hana mu sakat da talla. Ka buɗe Facebook su ne, ka leƙa sitatus a WhatsApp su ne, wai albam ɗinsu na farko ya fito kuma za su yi zagayen wasa duk bazarar nan. A jikin fostar an jera su su bakwai, ga kalangu biyu ga gurmi ga kukuma, ga wani dattijo a tsakiya ya harɗe, sannan aka rubuta da manyan baƙi wai kiɗan gargajiya zalla. To wannan "zalla" ɗin ce ta ci kuɗina. Ni mutum ne da in na ji kalangu ko sauri nake sai na ja burki, don haka ban yi wata-wata ba na biya aka turo min albam ɗin a waya, na haɗa da tikitin wasan farko guda biyu, ni da ƙanina. Kun dai san abin da suke karɓa ba sai na faɗa ba, ba ma kuɗin ne ya dame ni ba.

Da daddare na sa iyafis na miƙe ƙafa na kunna. Wallahi sakan goma na farko na ɗauka kuskure aka yi aka turo min kayan wasu. Fiyano ne ya tarbe ni, fiyanon nan dai da kowa ya sani, da bas mai dukan ƙirji, sai can ƙasa-ƙasa kana jin wani abu yana ƙwas ƙwas wai shi ne kalangun. Haba jama'a. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai kalangu ya san ba dukan fata ne kawai ba, aikin yana hammata, mutum ya matse tsarkiya murya ta hau, ya saki ta sauko, shi ya sa kalangu ke magana, tunda harshen namu ma da hawa da saukar murya yake rarrabe kalma. Na cikin albam ɗin nan kuwa bugu ɗaya ne aka yanka aka jera a kwamfuta yana ta maimaita kansa, ba hawa ba sauka, tun daga farko har ƙarshe kamar famfo na ɗiga a bokiti. Muryar mawaƙin kuma an wanke ta da Auto-Tune, manhajar nan ta gyaran murya, har ta koma kamar mai waƙa ta cikin fanka, amshin ma in ka kasa kunne murya ɗaya ce aka ninka sau uku. Waƙa 9, babu wadda ta wuce minti 4 da rabi. Waƙar gargajiya da sai an yi minti biyar ma kafin kiɗa ya nuna, zamanin kaset C-60 gefe ɗaya minti 30 ne amma waƙa ɗaya sai ta cinye rabinsa ba wanda ya ce ya gaji, su kuma nasu ana fara jin ɗumi sai ka ji an datse.

Na so in yafe tikitin nan. Ƙanina ne ya matsa, ya ce Yaya tunda an riga an biya ai gara mu je ko iska mu sha. Shi fa ba ruwansa da gargajiya, ɗan hip-hop ne, rakiya kawai ya yi min.

An rubuta ƙarfe 8, ba a fara ba sai goma saura. Awa ɗaya da wani abu muna zaune ana ta "gwaji, gwaji, ɗaya biyu" sifika na ƙara tana tsaga kunne. Da suka hau kuma sai abin da na ji tsoro ya tabbata, wani yaro ya zauna a gefe da laftof ya danna, sai ga albam ɗin nan dai da na ji a ɗaki yana fitowa ta manyan sifikoki, su kuma suna ta motsa baki da hannu. Muna layi na uku don haka ina ganin komai. Mai kukuma na ta goga izga amma ko ɗigon kukuma babu a abin da ke tashi, mai gurmi ma wani lokacin hannunsa na tsayawa kiɗan bai tsaya ba. Dattijon nan na tsakiya kuwa ko wahalar yin kamar yana yi bai yi ba, ya ɗora kalangun a cinya ya zuba tagumi yana kallon mutane. Na ce wa ƙanina an yi mana sakiyar da ba ruwa, suna gama ta uku mu tashi.

Ba su gama ta ukun ba. Iska ta taso da ƙura, janareton ya yi tari sau biyu ya shaƙe, ɗif. Ka san abin kunyar? Sauti ya ɗauke amma bakin mawaƙin na buɗe, hannu a sama, ba abin da ke fita. Wuri ya kwashe da dariya, wasu na eho, na baya suka fara jan kujeru za su tafi, masu waya suka kunna tocila ana haska su kamar an kama ɓarayi. Ni kaina na yi dariya, ba zan ɓoye ba, har na miƙe ina kakkaɓe riga.

Sai na ga dattijon ya gyara zama. Ya rataya kalangun, ya cusa shi a hammata, ya ɗan ja tsarkiyar nan da yatsu yana taɓa fatar a hankali yana kara kunne, sannan ya ɗauki gula ya sauke. Bugu uku ya yi, na farko a ƙasa, na biyu ya matse ya kai shi sama, na uku ya sake shi ya gangaro kamar mutum ya yi tambaya ya ba kansa amsa. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Mai kalangu na biyun ya karɓa, suka fara jefa wa juna, wannan ya faɗa wancan ya mayar. Mai kukuma ya laluba aljihu ya ciro ɗan ƙaro ya goga wa gashin, a hasken tocila ina ganin farin garin na tashi, ya ja sau ɗaya ta yi wani kuka siriri da ya ratsa har bayan fili. Waɗanda suka kai bakin ƙofa suka dawo. Ba wanda ya ce a yi shiru amma wurin ya yi tsit, don kowa ya gane in ka yi magana kai za ka rasa, babu sifikar da za ta cike maka.

Shi kuma yaron da na gama raina wa murya, ashe murya gare shi. Tana da ɗan kaushi, tana ɗan fashewa in ya ja sama, kuma wannan fashewar ita ce daɗin, ita furodusan ya bi ya goge tas. 'Yan amshi biyu suka matso suka haɗa kai, kowa da kalar muryarsa, akwai wani mai kauri a cikinsu da ke shigowa a makare da gangan, sai ka ji amshin ya yi nauyi. Waƙar da na sani a minti 4 sai da ta kai ashirin da wani abu, ya ƙara baituka da babu su a albam, kiɗan ya fara a natse yana ta ƙara wuta a hankali ba ka ma san lokacin da ƙafarka ta fara bi ba. Kwamfuta ba ta iya wannan, ita in an ɗora ta a gudu ɗaya a nan za ta mutu. Akwai inda dattijon ya tsayar da kowa ya yi wata magana da kalangu shi kaɗai, wata mata a bayana ta fassara ta da baki kalma bayan kalma, mutane suka sa ihu. Na waiga in nuna wa ƙanina, ba ya kujerarsa, yana can gaba ya ɗaga waya yana rawa, ɗan hip-hop ɗin.

Kusan minti 40 aka yi a haka kafin janareton ya tashi. Fitilu na kamawa yaron laftof ya ruga zai danna, wurin gaba ɗaya aka ɗauka "a kashe! a kashe!" Dattijon bai ce komai ba, kai kawai ya girgiza masa. Aka bar fitila da makirufo ɗaya a tsakiya suka ƙarasa daren a haka. Ban taɓa jin daɗin lalacewar abu irin na ranar ba.

Da aka tashi na kutsa na je na durƙusa na gaida shi, na ce Baba sannu da aiki, Allah ya ƙara lafiya, amma don Allah ina wannan hannun ya shiga a albam? Ya yi murmushi ya ce shi ma nemansa yake. Wai shi kaɗai aka shigar da shi wani ɗan ɗaki aka toshe masa kunne da wani abu mai ƙyas ƙyas aka ce ya bi, ya yi ta kaɗawa har hannu ya gaji, da abu ya fito bai gane kansa ba. Mawaƙin na gefe ya sa baki, ya ce ranka ya daɗe sitidiyo da awa ake biya, ɗakin ba ya ɗaukar mutum bakwai, kuma an ce musu yanzu in waƙa ta wuce minti huɗu ba mai saurare. A nan jikina ya ɗan yi sanyi gaskiya. Na san ɗaukar mutum bakwai a lokaci ɗaya ba wasa ba ne, kowa na son makirufonsa, kalangu na da kaifi yana danne gurmi in ba a raba su ba, mutum ɗaya ya yi kuskure kowa ya koma farko, ga fata da ba ta son danshi, sanyi ya ɗan taɓa ta sai murya ta zube sai an nemi zafi. Yara ne, na farkonsu ne, wanda ya fi su sanin na'ura ya ce ga yadda ake yi suka bi. A hanya har ina ce wa ƙanina zan rubuta musu sharhi mai kyau in ce kowa ya saya don a ƙarfafa musu.

To na dawo gida na sake kunna albam ɗin, sai raina ya ɓaci fiye da na farko, don yanzu na san abin da aka binne. Kuma ina kwance sai lissafi ya dawo min: da janareton nan bai mutu ba fa? Haka za mu zauna awa biyu muna kallon mutum bakwai na wasan kwaikwayo da kayan kiɗa, mu tafa mu tafi, kuma sun san haka suka shirya, ba furodusa ne ya hau dandamali ya motsa musu baki ba. Uzurin sitidiyo na karɓa, wannan kuwa ban karɓa ba. Kuma maganar wai sai da fiyano ake sauraro, Ɗan Maraya Jos har ya koma ga Allah a 2015 da me aka san shi? Kuntigi, tsarkiya ɗaya a jikin ɗan gwangwani, shi kaɗai ba ɗan amshi, kuma duniya ta saurare shi. Ku kuna da kalangu biyu da kukuma da gurmi da dattijo irin wannan, sai ku ɓoye su a bayan laftof ku rubuta "zalla" a fosta.

Sannan ga waƙa ta 7, wadda ma ita ce mai ɗan dama-dama don an bar gurmin ya fito a farkonta, tana kaiwa minti biyu take yankewa, fayil ɗin ne a lalace. Sau uku ina yi wa lambar da ta turo min magana, ana buɗewa ana karantawa, shiru. Ranar da zan biya kuwa ko minti ɗaya ba a yi ba aka amsa min har da "Allah ya saka da alheri".

Yanzu abin da nake ji a mota shi ne wanda ƙanina ya ɗauka da waya, minti 11, hoton duk duhu, ga iska na bugun makirufo, ga wani yana tari a kusa, ga muryar ƙanin nawa yana ihu a tsakiya. Na fi sau talatin ina jin sa. Albam ɗin da na biya kuwa sau uku na kunna, na ukun ma don in tabbatar da inda ta bakwai ke yankewa ne. In kana son ka taimaka musu ka saya, ba zan hana ka ba, amma ka san fiyano za ka saya. Wasan kuma in za ka je ka nemi gaba-gaba kusa da dattijon, ka je da abokai masu murya waɗanda za su iya cewa a kashe.

Shekaranjiya sai ga sanarwa sun fitar, doguwa, suna ba jama'a haƙuri kan "matsalar da aka samu" a wasan farko, wai sun ɗauki mataki, sauran wasannin bazarar duk da janareto biyu za su je don kada a sake samun tangarɗa. Na karanta sau biyu. Na shiga ƙasa na rubuta musu don girman Allah su bar na biyun a gida, na farkon ma kada a cika masa mai, kuma a turo min waƙa ta 7. Mutum goma sha ne suka danna min alamar dariya, su kuwa har yanzu ba su ce komai ba.