Dahab, Gozo ko Kayman: Ina Ya Kamata Mai Nutso Daga Gaɓa Ya Kashe Kuɗinsa?

Wanda ya samu takardar shaidarsa ta farko ta nutso da tukunyar iska, ya kuma ga hotunan hasken rana yana ratsa rufin kogo a ƙarƙashin teku, yakan fara tambayar kuɗin tikitin jirgi tun kafin ya tambayi ta inda ake shiga ruwan. Alhali a nutson da ake yi daga gaɓa ba tare da jirgin ruwa ba, mashiga ita ce abin dubawa na farko, domin mutum zai taka da ƙafarsa ne ɗauke da kaya masu nauyin kilo 20 zuwa 30, kuma ta nan ɗin zai fito bayan ya gaji.

Kafin a biya ko sisi, sai a san cewa masu koyar da nutso sun raba kogo gida biyu. Akwai wanda mai nutso yake hango hasken ƙofarsa a duk inda yake ciki, akwai kuma wanda haske ya ƙare a cikinsa, wanda shigarsa ke buƙatar horo na musamman da igiya da tukwane biyu. Na farkon kaɗai muke magana a kai. A ƙa'idar PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso tana ba su takardar shaida, zurfi da tafiyar cikin kogon idan aka haɗa su kada su wuce mita 40 daga saman ruwa, kuma akan raba iskar tukunya kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fitowa, ɗaya a ajiye don ko ta kwana. Takardar matakin farko tana ba da izinin zurfin mita 18, ta mataki na biyu mita 30, kuma wannan bambanci shi ne zai tace wuraren da za a zaɓa.

Dahab, da ke gaɓar mashigin Aƙaba a kudancin Sinai ta ƙasar Masar, ita ce mafi sauƙin isa da mafi araha ga wanda ya taso daga Najeriya, tun da ana samun jirgi kai tsaye zuwa Alƙahira, kuma abinci da wurin salla ba za su zame masa abin nema ba. Kusan duk nutson garin daga gaɓa ake yin sa: a loda tukwane a bayan a-kori-kura, a tsaya a bakin ruwa, a shimfiɗa tabarma a ɗaura kaya. Murjanin Bahar Maliya rayayye ne mai launi, ruwan kuma ba ya cika sauka ƙasa da digiri 21 ko da hunturu. A kudancin garin akwai wurin da ake kira Caves, inda kogwanni marasa zurfi suka shiga ƙarƙashin gaɓar, sai dai shigarsa da fitarsa suna wuya idan iskar arewa ta taso, kuma Dahab gari ne da ya yi suna da iska. Tsagin dutsen da ake kira Canyon ya kai mita 30, saboda haka na mai takarda ta biyu ne. Shahararren ramin Blue Hole kuwa, gefensa na sama yana da daɗin nutso, amma ƙofar da ke ƙasansa tana wajen mita 55, inda naitirojin da ke cikin iskar tukunya ke juya tunanin mutum kamar maye. Allunan sunayen waɗanda suka rasu a can suna manne a jikin dutsen gaɓar, kuma duk cibiyar da ta yi wa sabon mai nutso tayin wannan ƙofa, to ya nemi wata.

Idan kogon ne ainihin abin da ake so, a ganina tsibiran Malta da ƙanwarta Gozo da ke Bahar Rum sun fi, ko da yake nan dutsen farar ƙasa ne da ruwa ya rarake, babu murjani irin na Bahar Maliya, kifin ma bai kai na can yawa ba. A Għar Lapsi da ke kudancin Malta akwai kogo marar zurfi mai huji-huji a rufinsa, haske na zubowa ta ciki, wanda ya dace da mai farawa. A Dwejra ta Gozo kuma akwai nasu Blue Hole, tafki ne na dutse da ke buɗewa zuwa teku ta wata ƙofa a zurfin 'yan mitoci, kusa da inda tagar dutsen nan ta Azure Window ta rufta cikin guguwa ranar 8 ga Maris, 2017. Tafiyar zuwa bakin wannan tafki ita ce jarrabawar. Mutum yana sanye da rigar roba cikin rana, tukunya a baya, dalma a ƙugu, yana taka dutse mai kaifi da santsi, hannu ɗaya riƙe da fikafikan ƙafa, ɗayan yana neman madafa. Wanda gwiwarsa ko bayansa ke ciwo ya yi wannan lissafi tun daga gida. Ruwan Bahar Rum yana sauka zuwa digiri 15 a Fabrairu da Maris, ya hau zuwa 26 a Agusta, don haka lokacin zuwa yana canza kaurin rigar da za a yi haya. Ƙanƙantar tsibiran tana da amfani, domin idan iska ta ɓata gefe ɗaya akan koma ɗaya gefen cikin ƙanƙanen lokaci. Dokar ƙasar ta ce wanda bai kai mataki na biyu ba sai da malami zai yi nutso, kuma shiga Malta na buƙatar bizar Shengen.

Eden Rock da Devil's Grotto, a kudu da tashar ruwan George Town ta tsibirin Grand Cayman da ke tekun Karebiyan, su ne suka fi cika siffar da ake nema: ana sauka ta tsani, a yi ɗan iyo, sai ga murjani mai ramuka da hanyoyi a zurfin da bai wuce mita 15 ba, cikin ruwa mai ɗumi. Da bazara ƙananan kifaye masu ƙyalli sukan cika kogwannin, manyan kifin tarpon suna ratsa su. Matsalar nisa ce da tsada da biza, ga kuma lokacin guguwa daga Yuni zuwa Nuwamba. Ya dace da mazaunin Amurka fiye da wanda zai taso daga Kano ko Yamai.

Game da kaya, ba na ganin hikimar sayen na'urar shaƙar iska da rigar daidaita nauyi ga mai nutso sau ɗaya a shekara, tun da na'urar tana son gyara a kai a kai, kuma haya ta wadatar muddin an duba robar baki da bututu da ma'aunin iska kafin a bar shago. Abin da ya cancanci saye shi ne gilashin fuska da ya zauna daidai, takalman roba masu kaurin tafi tare da fikafikan da ake sawa a kansu, tocila biyu, da agogon nutso mai lissafa zurfi da lokaci. Fikafikan da ake sawa a ƙafa tsirara na masu jirgin ruwa ne, a kan dutsen Dwejra ko ƙayar bushiyar teku ba su da amfani.

Ragowar kuɗin ya tafi ga jagora ɗan gari da darasin daidaita jiki a ruwa, domin bugun ƙafa ɗaya a kan lakar ƙasan kogo yana iya mayar da ruwa garau ya zama kamar kunu, har ƙofar ta ɓace wa ido. A tambayi cibiyar ko tana ajiye iskar oksijin ta gaggawa a motarta, a kuma sayi inshorar da ta ƙunshi ɗakin matsin iska na jinyar mai nutson da naitirojin ya yi kumfa a jikinsa, wanda akwai shi a duk wuraren nan uku. Wajen yankar tikitin komawa, a bar aƙalla awa 18 tsakanin nutson ƙarshe da tashin jirgi idan an yi kwanaki ana shiga ruwa.