Komawa aji neman MBA bayan shekara goma: me za ka fara biya wa kuɗi?

Wanda ya yi shekara goma ko sha biyu a banki, ko a ma'aikatar gwamnati, ko yana juya dukiya a Kantin Kwari, idan sha'awar MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, ta taso masa, yawanci GMAT, jarrabawar shiga makarantun kasuwanci, yake fara garzayawa ya yi wa rajista. Ya zuba dala kusan 300, ya jibge littattafai a kan tebur, sai bayan wata uku ya gano makarantar da ta dace da rayuwarsa ko tambayar GMAT ɗin ba ta yi. Makaranta ake fara zaɓa, ita za ta gaya maka jarrabawar da za ka saya, in ma akwai.

Hanya mafi tsada ita ce ajiye aiki a tafi waje. A Amurka, makarantu irin su Harvard da Wharton shekara biyu suke ɗauka. Turai ta fi sauri: Oxford da Cambridge shekara ɗaya, INSEAD da ke Faransa da Singafo wata 10 kacal. Idan za ka yi lissafin kuɗin, ka haɗa da albashin da za ka rasa da cefanen gidan da ka bari, domin tuwo ba zai jira ka dawo ba. Ko tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, da ke biyan kuɗin makaranta na sauran darussa, ya sa iyaka a kan na MBA, ragowar daga aljihunka. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: ɗaliban waɗannan azuzuwa galibi shekara biyar suka yi suna aiki, shekarunsu na haihuwa ba su wuce talatin da ɗoriya ba. Mai shekara arba'in da 'ya'ya huɗu zai iya shiga, amma ba don shi aka ɗinka rigar ba.

Tasa rigar ita ce MBA ta manyan ma'aikata, wadda ake yi ƙarshen mako ko 'yan kwanaki a wata, kana riƙe da aikinka. A gida akwai Lagos Business School ta jami'ar Pan-Atlantic, mai tsada amma takardarta na da kima har a waje, akwai kuma makarantar kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, Kano. Ni a ganina rabin abin da ake saya a nan abokan aji ne, mutanen da gobe za ka ɗaga waya ka kira. Wannan shi ne abin da karatun intanet ba ya bayarwa sosai, ko na cibiyar karatu daga nesa ta ABU Zariya ne, ko NOUN, ko na jami'ar Illinois ta Amurka da ake yi ta shafin karatu na Coursera. Amma ga matar da ke da goyo da aikin ofis, ko wanda ake yi wa canjin wurin aiki kowace shekara biyu, karatun intanet ɗin shi ne mai yiwuwa, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba.

Yawancin jami'o'in gida ba ruwansu da GMAT. Abin da za su nema shi ne kiredit biyar har da Turanci da lissafi, takardar bautar ƙasa, da sakamakon digirinka. Mai HND ko digiri mai daraja ta uku sau da yawa sai ya fara yin PGD, wato difilomar gaba da digiri.

In kuwa makarantar da ka zaɓa tana neman jarrabawa, uku ne a kasuwa: GMAT, GRE da Executive Assessment. An sauya fasalin GMAT a ƙarshen 2023: yanzu awa biyu da minti 15 ce, tambayoyi 64 a sassa uku na minti 45 kowanne, maki daga 205 zuwa 805. An cire rubutun insha'i. Sai dai sashen lissafinta ba a yarda da kalkuleta, kuma kwamfutar tana auna ka tambaya bayan tambaya, ka ci ta ƙara wuya, ka faɗi ta sassauta ta rage maka maki. Amsa uku kawai za ka iya gyarawa a kowane sashe. Wanda rabonsa da aljabra tun WAEC, kuma ya saba Excel ke yi masa komai, nan zai ji jiki.

GRE, jarrabawar shiga karatun gaba da digirin farko, ita ma an gajarta ta a Satumban 2023 zuwa ƙasa da awa biyu. Tana ba da kalkuleta a kan allo, kuma za ka iya tsallake tambaya ka dawo mata a cikin sashe, abin da ke kwantar da hankalin wanda ya daɗe bai zauna ɗakin jarrabawa ba. Wuyarta a Turanci take: kalmomi masu tsauri da ba a jin su a hirar ofis, da insha'i ɗaya na minti 30. Idan kai ma'abocin karance-karance ne kuma lissafinka ya yi tsatsa, ita zan nuna maka. Manyan makarantun kasuwanci kusan duka suna karɓar ta. Sakamakon GMAT da na GRE duka shekara biyar suke aiki.

Ta ukun, Executive Assessment, ita ce aka yi musamman domin wanda ya daɗe a bakin aiki: minti 90, tambayoyi 40, maki 100 zuwa 200. Ba ta buƙatar shiri mai tsawo. Matsalarta ita ce ba kowace makaranta ke karɓa ba, don haka sai ka ga sunanta a shafin makarantarka kafin ka biya.

Batun darasin share fage, kada ka ba kowa kobo tukuna. Masu GMAT da masu GRE duk sun sa gwajin kyauta a shafukansu. Ka ware safiyar Asabar, ka kashe waya, ka yi kowanne da agogo a gabanka. Makin zai yi ɗaci, amma zai nuna maka inda ramin yake. In tushen lissafi ne, darussan kyauta na shafin Khan Academy sun isa watan farko. Malami na kuɗi yana da amfani ne idan ka yi wata biyu makinka ya tsaya cak. Tsoffin littattafan GMAT da ake sayarwa da araha kuwa, duba shekararsu, na kafin 2023 cike suke da abin da aka daina tambaya.

Takardar sakamakonka ta tsohuwar jami'a, ita ka fara nema yau, don fitowarta kan ɗauki watanni, malaman da suka san fuskarka kuma wataƙila sun yi ritaya. IELTS, jarrabawar gwajin Turanci, ka bar ta zuwa ƙarshe, shekara biyu kawai take aiki.