Mota Na Ja Gefe, Wutar ABS Na Kunne: Maganar Bakanike Ko Ta Rewaya?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce Land Cruiser ɗinka samfurin 80, ƙirar 1996, wadda kake shiga gona da ita can bayan Giwa, tana fizgar sitiyari zuwa hagu duk sanda ka taka birki da ƙarfi, kuma wutar ABS ta kama tun tsakiyar damina ta ƙi mutuwa. Bakanikenka ya ce a canza kalifar hagu. Rewaya kuma ya ce famfon ABS ne ya mutu, a nemo na gwanjo. Kana son sanin wanda za ka bi a cikinsu.

Ni dai a ganina cuta biyu ce a jikin motar, kuma kowannensu ya kama ɗaya yana son ya yi bayanin duka biyun da ita. Kada ka sayi komai tukuna.

Ga dalili. Birkin motarka hawa biyu ne. Akwai na asali: ka taka feda, masta ta tura mai cikin bututu, man ya danna fistin ɗin kalifa, takalmin birki ya matse faifai. Wannan ba ruwansa da waya ko batir. Sai kuma ABS da aka ɗora a kansa, wanda aikinsa guda ne kawai, ya lura da gudun kowace taya, in ya ga wata za ta maƙale tana jan ƙasa sai ya sassauta mata mai ya sake matsewa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. An tsara shi ta yadda in ya ga matsala a jikinsa zai kunna wannan wuta mai ruwan ɗorawa, ya janye hannunsa gaba ɗaya, ya bar ka da birkin asali. To ka ga muddin wutar tana kunne, ABS ba ya taɓa komai. Wanda ya naɗe hannu kuwa da wuya a ce shi ke fizgar maka sitiyari. Saboda haka a batun ja gefe, bakanike ne ya fi kusa da gaskiya.

Sai dai kusa da gaskiya ba gaskiya ba ce, kuma a nan nake son mu daɗe. Mota tana karkata ne zuwa ɓangaren da birki ya fi kamawa. In tana ja hagu, abu biyu ne: ko hagu na kamawa fiye da kima, ko kuma hagu lafiyarsa ƙalau, dama ne ya yi sanyi. A tsofaffin motocin da ke shiga laka da ruwa, na biyun ya fi yawa. Kalifar gaba ta samfurin 80 mai fistin huɗu ce, biyu ciki biyu waje. Da zarar robar da ke rufe bakin fistin ta tsage, ruwan damina da jar ƙasarmu su shiga, tsatsa ta kama shi, sai ya daina fitowa. Ɓangaren ya rage ƙarfi, motar ta gudu zuwa ɗaya gefen mai lafiya. In aka cire kalifar hagu alhali ta dama ce ta ƙage, an bar jaki ana dukan taiki.

Gane wannan ba ya buƙatar na'ura. Ka sami miƙaƙƙiyar hanya da sassafe lokacin da babu cunkoso, ka yi tafiyar kilomita huɗu ko biyar ba tare da ka yawaita taka birki ba, ka gangara ka tsaya a hankali. Kai bayan hannunka kusa da kowace taya ta gaba, kada ka taɓa faifan domin yana ƙona fata. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi sosai ita ce ke riƙe birki ko ba a taka ba. In duk ɗaya suke, sai ka sake tafiya, wannan karon ka taka birki da ƙarfi sau biyar ko shida, ka sake gwadawa. Yanzu wadda ta fi sanyi ita ce ba ta aiki. Bayan nan a ɗaga motar a jak, a cire tayoyin gaba biyu, a jera takalman birkin hagu da na dama a ƙasa. Wanda ya cinye da wanda bai ci ba za su faɗa maka abin da ya rage. Gani ya kori ji.

Akwai wani abu da ke kwaikwayon kalifa har ya ruɗi gwani, shi ne tiyon roba da ke kai mai daga jikin mota zuwa taya. Ta waje za ka gan shi sumul, amma ta ciki ya kumbura ko ya ɓare, ya zama kamar ƙofa mai buɗewa ta gefe ɗaya. Mai yana shiga da ƙyar, fita kuma ta gagara. Alamarsa ita ce da ka taka birki motar ta fizga gefe guda, da ka saki kuma ta ɗan ja ɗaya gefen. Ya taɓa faruwa da ni a tawa motar, na biya kuɗin kalifa, ban kai Kwangila ba tayar ta sake ɗaukar zafi, ashe tiyo ne. Gwajin da ya kamata a yi tun farko minti biyu ne: a taka birki a saki, in tayar ta ƙi juyawa da hannu sai a ɗan kwance noti na fitar da iska a jikin kalifar. In mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take, kalifa ba ta da laifi, abin da ke hana mai komawa yana sama da ita, kuma tiyo ne farkon wanda ake zargi. In an kwance amma tayar tana nan a ƙage, to fistin ne. Motar da aka ƙera tun 1996, in ba a taɓa canza mata waɗannan tiyoyi ba, ni zan canza su duka ko da gwajin bai kama su ba.

Kafin duk wannan ma ka biya wurin mai faci ya auna iskar tayoyin gaba, kuma a duba bushin da tayarod. Taya mai ƙarancin iska ko bushin da ya mutu suna sa mota ta karkata a birki alhali birkin lafiya lau.

Yanzu ɓangaren rewaya. Yana da gaskiya cewa wutar ba ta kama banza ba. Inda ban bi shi ba shi ne tsallakawa kai tsaye zuwa famfo, wanda shi ne mafi tsada a cikin tsarin kuma ba shi ne ya fi saurin lalacewa ba. Abin da ya fi mutuwa shi ne sensa, wato 'yar na'urar da ke auna gudun kowace taya, da wayarta, domin su ne ke ƙasa kusa da taya, cikin laka da kututture da karan dawa.

Abu na farko da zan tambaye ka: wutar makullin tsakiya, wato ta difaranshal, ita ma tana kunne? A wannan mota, in ka shiga ogzileri, wato ƙaramar giya mai ƙarfi, makullin tsakiya ya kama, ABS yana kashe kansa da gangan kuma wutarsa ta kama. Haka Toyota ta tsara, domin a kan yashi da tsakuwa tayar da ta ɗan maƙale ta tara ƙasa a gabanta ta fi saurin tsayar da mota. In makullin ya ƙi sakewa bayan ka fito daga gona, ko makunninsa ya lalace, wutar ABS za ta zauna alhali ba abin da ya sami famfo.

In ba wannan ba ne, motar da kanta za ta faɗi ciwonta. A cikin bonet akwai ɗan akwatin gwaji mai murfi, an rubuta sunayen ramukan a cikin murfin. A haɗa Tc da E1 da guntuwar waya, a wasu kuma sai an fara zare ɗan ƙarfen da ya haɗa Wa da Wb, sannan a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba. Wutar ABS za ta fara ƙiftawa. Ƙifta uku, ɗan shiru, ƙifta biyu, lamba 32 ke nan. A tsarin Toyota na wancan zamani 31 sensar gaba ta dama ce, 32 gaba hagu, 33 baya dama, 34 baya hagu. 41 na nufin wutar batir ba ta kai ba, sai a duba batir da altaneta. 11 da 13 na rile ne da wayoyinsa. Wadda ke nuna 'yar motar lantarkin da ke juya famfon ta ƙage ita ce 51, sai 21 zuwa 23 da ke nuna layin bawul ɗin da ke cikinsa. In rewaya bai karanta wannan lamba a gabanka ba, maganar famfo hasashe ce. Ka roƙe shi cikin mutunci ya karanta, ba zai ɗauke shi minti goma ba.

Lokacin da wutar ke kamawa ma yana da magana. A mota mai lafiya tana kamawa na 'yan daƙiƙu in an murɗa makulli, sannan ta mutu. In ta mutu sai ka fara tafiya ta dawo, ƙwaƙwalwar ABS, wato kwamfutarsa, ta nemi saƙon wata taya ne ba ta samu ba, sai a nufi sensa da haƙoran ƙarfen da ke juyawa tare da taya waɗanda take karantawa. In tun farko ba ta mutuwa ko motar na tsaye, an fi zargin fiyus, rile, ko wayar da ta tsinke. Sensar maganaɗisu ce, tana tara garin ƙarfe a bakinta. Sau da yawa cirewa da gogewa ya isa. A auna ta da mita a kwatanta hagu da dama, wadda ta yi nisa da 'yar'uwarta ita ce mai laifi.

Wasu kan rikita rawar feda iri biyu, kuma tana sa a yi asarar kuɗi. Faifan da ya lanƙwashe ko kaurinsa ya bambanta yana sa feda ta riƙa bugun ƙafa daidai da juyawar taya, da sauri in kana gudu, a hankali in ka kusa tsayawa, sitiyari ma yana karkarwa. Wannan aikin bakanike ne. Rawar ABS kuwa gurnani ne mai sauri tare da ƙarar famfon daga cikin bonet. In kana jin irinta a busasshiyar kwalta daidai lokacin da za ka tsaya a danja, wutar kuma ba ta kama ba, sensa ce ke ba da saƙo mai rauni, ƙwaƙwalwar ta ɗauka tayar ta maƙale sai ta sassauta mata birki. Wannan ne yanayin da ABS kan sa mota ta ɗan kauce gefe da gaske. Raba gardamar mai sauƙi ce, a zare fiyus ɗin ABS a gwada a fili, a gudun da bai wuce kilomita 30 ba. In matsalar ta ɓace, ta lantarki ce. In tana nan, ta ƙarfe da mai ce. Abu ɗaya da zai iya tsallake wannan gwaji shi ne bawul da ya toshe a cikin famfon saboda dattin tsohon mai. Yana faruwa, amma sai an wanke kalifa da tiyo daga zargi, an ga mai ba ya zuwa wata taya da ƙarfi tun daga bakin famfon, sannan a yanke masa hukunci.

Inda nake zargin cututtukan naka biyu sun haɗu shi ne kan aksil ɗin gaba, kuma da ni ne nan zan fara buɗewa. Boris ɗin taya in ya yi sako-sako, faifai yana lilo ya tura fistin baya, sai birkin wannan gefe ya makara wajen kamawa. Haka in oyil sil na cikin aksil ya mutu, man giya yana gaurayuwa da giris ya zama kunu, ya tsiyayo ya shafi faifai da takalmi, ya kuma lulluɓe sensar da ke zaune a wurin. Gefen da mai ya shafa ba ya kamawa daidai. Ka leƙa bayan tayar dama, in ka ga baƙin danƙo ya taru da ƙura, ka sami bakin zaren. Sannan ka tuna ko an taɓa canza maka kan shaf na gaba kafin wutar ta kama. A samfurin 80 haƙoran da sensar gaba ke karantawa a jikin kan shaf ɗin suke, kuma akwai irin wanda aka yi wa motocin da ba su da ABS, ba shi da haƙoran sam. Yana shiga daidai, mota ta yi tafiya, amma wutar ba za ta ƙara mutuwa ba.

Birkin baya ba zan daɗe a kansa ba. Tayoyin baya biyu layin mai ɗaya suke sha, ABS ma tare yake sarrafa su, don haka ba zai bambanta hagu da dama a can ba. A dai duba sandunan da kalifar baya ke zamewa a kansu, a sa musu giris. Akwai kuma bawul mai auna nauyin kaya da ke haɗe da aksil ɗin baya. In an ɗaga motar da dogayen sifirin ba a daidaita shi ba, yana rage wa baya birki ya bar wa gaba duk wahalar, kuma yana da nasa noti na fitar da iska da ake yawan mantawa.

Man birki kuma, DOT 3 ko DOT 4, yana shan danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya haura digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140, kuma ruwan nan ne ke cin fistin da bawul ta ciki. A juye shi duka duk shekara biyu, daga gwangwanin da aka fasa a gabanka. DOT 5 ba na motar ABS ba ne.

Game da wanda za a fara, ja gefen ne ba ya jira. Da wutar ABS kaɗai za ka iya tuƙi a hankali ka ba da tazara har ka sami lokaci, in dai jar wutar birki ba ta kama tare da ita ba. In ja ta kama, ka tsaya ka duba mai nan take. Amma motar da ke fizga hagu tana kai ka ne layin masu tahowa, kuma ka san yadda tireloli suke a hanyar Funtuwa. Ka kai ta wurin bakanike gobe, ka ce a buɗe gaba biyun tare, a fara da dama. In an rufe, rewaya ya karanta lambar, ka turo mana ita mu duba tare.